SANKARAR MAMA: AMFANIN HOTON ASIBITI WAJEN DUBA KALULUWAR HAMMATA

Gabatarwa

Sankarar mama, wadda wasu ke kira ciwon dajin nono, ita ce sankarar da ta fi yawa a tsakanin matan duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a cikin shekarar 2022 an sami mata miliyan 2.3 da wannan ciwo, kimanin 670,000 kuma suka rasu ta dalilinsa. A Nijeriya kuwa, ƙiyasin wannan shekarar ya nuna sababbin masu ciwon sun haura 32,000, waɗanda suka rasu sun haura 16,000.

Galibin jama'a sun san cewa idan mace ta ji ƙullutu a mamanta ya kamata ta je asibiti. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne dalilin da ya sa likita, bayan ya gama duba maman, sai ya ce ta ɗaga hannu ya lalubi hammatarta, sa'an nan ya rubuta takarda ya tura ta ɗakin hoto a sake duba hammatar da na'ura. Mata da yawa da mazajensu sukan ɗauka ɓarnar kuɗi ce kawai, tun da ba a hammata ciwon yake ba. Wasu ma sukan karɓi takardar su koma gida, ba a sake ganinsu sai bayan watanni. An shirya wannan ɗan littafi ne domin a bayyana wa jama'a abin da ake nema a hammata, da yadda ake nemansa, da kuma iyakar abin da hoto zai iya nunawa.

Mece ce kaluluwa?

Duk wanda ya taɓa yin gyambo a ƙafa ya san kaluluwa, watau ɗan ƙullutun nan mai zafi da kan fito a gindin cinya. Haka kuma uwa ta san wadda kan fito wa yaro a wuya in yana ciwon maƙogwaro. Mutane sukan kira ta da wannan suna ne sa'ad da ta kumbura, amma a gaskiya tana nan a jikin kowa tun haihuwa, sai dai ba a jin ta in lafiya lau take.

Bayan jijiyoyin jini, akwai wasu siraran hanyoyi a ko'ina cikin jiki waɗanda ke kwashe ruwan da ya tsattsafo cikin tsoka su mayar da shi cikin jini. A kan waɗannan hanyoyi ne aka jera ƙwayoyin kaluluwa, kowace da siffar ƙwayar wake. Aikinsu shi ne su tace ruwan, su tare ƙwayoyin cuta, su yaƙe su. In aiki ya yi musu yawa sai su kumbura. In kuma hanyoyin suka toshe, ruwan sai ya taru a gaɓa, kamar yadda ake gani ga mai tundurmi.

A kowace hammata akwai ƙwayoyin kaluluwa kimanin 20 zuwa 40. Kusan kashi uku cikin huɗu na ruwan da ke fitowa daga mama nan yake zuwa, sauran kuwa galibinsa yana bi ta waɗanda ke gefen ƙashin tsakiyar ƙirji. Saboda haka idan ƙwayoyin sankara suka ɓalle daga ƙarin da ke cikin mama, hammata ce zangonsu na farko a mafi yawan lokaci. Daga ƙasan hammata sukan hau zuwa tsakiya, su kai can sama, sa'an nan su isa gindin wuya.

Dalilin da ya sa likita ke son sani

Dalili na farko shi ne a san matakin da ciwon ya kai. Likitoci sukan duba abu uku kafin su faɗi mataki: girman ƙarin, da halin da kaluluwa take ciki, da kuma ko ciwon ya kai wasu sassa masu nisa kamar huhu, hanta ko ƙashi. Wajen kaluluwa ana lissafi ne da yawan ƙwayoyin da aka samu da ciwon: ko babu ko ɗaya, ko 1 zuwa 3, ko 4 zuwa 9, ko 10 zuwa sama. Alƙaluman ƙasar Amurka sun nuna bambancin da ke tsakanin matakan. Matan da aka gano ciwon bai fita daga mama ba, kimanin 99 cikin 100 ba ya hallaka su cikin shekara biyar. Waɗanda ya kai kaluluwa kuwa, adadin ya kusa 87 cikin 100. In ya riga ya kai sassa masu nisa, sai adadin ya faɗo zuwa kimanin kashi ɗaya cikin uku. Mai karatu zai lura cewa ko da ciwon ya kai hammata, har yanzu mafi yawan mata suna rayuwa in sun sami magani cikakke. Jin cewa ya kai kaluluwa ba dalilin yanke ƙauna ba ne.

Dalili na biyu shi ne a tsara magani. Amsar da hammata ta bayar ita ke taimaka wa likitoci su yanke shawara ko za a fara da ƙarin ruwan maganin sankara kafin a yi aiki, ko a fara da aikin, da kuma ko gashin da za a yi daga baya zai haɗa da hammata da gindin wuya.

Dalili na uku ya shafi hannun mai ciwo. A shekarar 1894 wani likitan fiɗa na Amurka, William Halsted, ya wallafa bayanin aikin da ya yi suna da shi, inda ake cire mama da tsokar ƙirji da kaluluwar hammata gaba ɗaya. An daɗe ana bin wannan hanya, har bayan an daina cire tsokar ƙirji an ci gaba da kwashe hammata ga kowace mace. Wannan kuwa yana da illa. Kimanin mace ɗaya cikin biyar da aka kwashe wa hammata hannunta yakan kumbura, domin an yanke hanyoyin da ruwa ke bi, kuma kumburin yakan zauna har iyakar rai. Wasu kafaɗarsu takan ƙage, wasu damtsensu ya mutu ba sa jin taɓi. Ga macen da ke daka, da ɗibar ruwa, da ɗaukar goyo, wannan ba ƙaramar hasara ba ce. Abin takaici, da yawa daga cikinsu in an gwada abin da aka cire sai a tarar babu ciwon a ciki. Hoto da gwaje-gwajen da ke biye da shi an kawo su ne domin a rarrabe wadda ke bukatar babban aiki da wadda ba ta bukata.

Lalube da hannu bai isa ba

Likita yakan fara da hannunsa, amma hannu yana da iyaka. Kaluluwar da ke can ciki ƙarƙashin tsoka, ko wadda kitse ya rufe, ba lalle a ji ta ba ko da ciwon yana cikinta. Haka kuma wadda aka ji ta kumbura, mai yiwuwa wani abu dabam ne ya kumbura ta. Ƙurji a hannu yana sa haka, ciwon nono na mai shayarwa yana sa haka, haka ma tarin fuka da cutar ƙanjamau, waɗanda duk ana samunsu a ƙasar nan. Ko allurar rigakafi da aka yi a damtse tana iya kumbura hammata na 'yan makonni, kamar yadda aka yi ta gani a shekarar 2021 lokacin rigakafin cutar korona. Shi ya sa ake bukatar na'ura.

Na'urar sikanin

Na'urar da aka fi dogara da ita wajen duba hammata ita ce ta sikanin, irin wadda ake duba mai juna biyu da ita. Wani likita a birnin Gilasgo na Sikotlan, Ian Donald, yana cikin waɗanda suka fara amfani da ita a asibiti, ya kuma wallafa sakamakon aikinsa a shekarar 1958. Na'urar tana aika wata ƙara siririya wadda kunnen mutum ba ya ji, ƙarar ta bugi abin da ke cikin jiki ta dawo kamar amsa-kuwwa, sai na'urar ta mayar da ita hoto a kan allo. Ba ta da zafi, ba a yanka, ba ta kuma cutar da mai ciki ko mai shayarwa. Mace za ta kwanta rigingine ta ɗora hannu bisa kai, a shafa mata wani ruwa mai santsi, a riƙa goga kan na'urar a hammata. Galibi ba a kai rabin sa'a an gama, kuma ba sai ta ƙi cin abinci kafin ta zo ba.

Abin da likitan hoto ya fi lura da shi shi ne siffar kaluluwa, girmanta yana biyo baya. Lafiyayyar kaluluwa doguwa ce kaɗan kamar wake, tana da siririn ɓawo a kewaye, da kitse a tsakiya wanda ke fitowa fari a hoto. Ƙwayoyin sankara sukan fara sauka ne a ɓawon, saboda haka shi ne ke fara kauri. In kaurinsa ya wuce milimita 3, ko ya yi tudu a gefe guda, likita zai fara zargi. In ciwon ya ci gaba, kitsen tsakiya sai ya matse ko ya ɓace, kaluluwar ta zama kewayayya, ta yi duhu a hoto, gefenta ya daina zama sumul. Likitan yakan ƙirga yawan waɗanda suka canja, yakan duba gindin wuya, wani lokaci ma ya duba ɗaya hammatar domin ya kwatanta.

Amma fa akwai abin da ya wajaba kowa ya riƙe. Hoto zargi yake kawowa, ba ya yanke hukunci. Kaluluwar da tarin fuka ya kama tana iya yin kama da wadda sankara ta kama. Ta wani gefen kuma, in ƙwayoyin sankarar da suka sauka ba su wuce milimita 2 ba, kaluluwar tana iya fitowa lafiya lau a hoto. Nazarin da aka tattara daga asibitoci masu yawa ya nuna cewa sikanin tare da gwajin allura yana gano kimanin rabin matan da ciwon ya kai hammatarsu kafin a yi aiki. Sauran rabin sai ta wata hanya, wadda za a yi bayaninta a gaba.

Gwajin allura

Idan an ga kaluluwar da ake zargi, mataki na gaba shi ne a ɗebo kaɗan daga cikinta a duba. Likita yakan yi allurar kashe zafi a wurin, sa'an nan ya shigar da allurar gwaji yana kallon bakinta a allon na'ura har ta shiga daidai inda ɓawon ya yi kauri. Akwai siririyar allura mai zuƙo 'yan ƙwayoyi, akwai kuma mai ɗan kauri wadda ke gutsuro tsoka kamar zare. Abin da aka ɗebo ana kai shi ɗakin gwaje-gwaje, inda wani likita zai duba shi a ƙarƙashin madubi mai ƙara girma. Amsar wannan likitan ita ce tabbaci. Mace takan koma gida ran nan, abin da za ta ji bai wuce ɗan tsami da taruwar jini kaɗan a wurin ba.

Akwai wata magana da ta yaɗu cikin jama'a, wai ciwon daji ba ya son ƙarfe, in allura ta taɓa shi sai ya bazu. Wannan magana ta hana mata da yawa gwaji. An shafe shekaru ana yi wa miliyoyin mata wannan gwaji a duniya, ba a kuma ga ya rage musu damar warkewa ba. Abin da ke sa a ga ciwon ya tsananta bayan zuwa asibiti shi ne, sau da yawa an riga an makara kafin a je. Jinkiri ne ke ba ciwon damar bazuwa.

In gwaji ya tabbatar da ciwon kuma aka shirya fara ba da magani kafin aiki, wasu asibitoci sukan sa wata 'yar alama ta ƙarfe wadda ba ta kai ƙwayar shinkafa ba a cikin kaluluwar. Amfaninta shi ne, in magani ya motsar da kaluluwar, likitan fiɗa zai iya gano ainihin wadda ke da ciwon ya cire ta a sake gwadawa.

Sauran na'urorin hoto

Hoton mama, wanda ake kira mamogiram, yana amfani da hasken nan da ke ratsa jiki wanda Wilhelm Rontgen ya gano a Jamus a shekarar 1895. Yana da kyau ƙwarai wajen duba maman kansa, amma ƙasan hammata kaɗai yake kamawa, don haka ba ya maye gurbin sikanin. Na'urar maganaɗisu, wadda aka fi sani da Em-Ar-Ai, tana nuna mama biyu da hammata biyu da kaluluwar gefen ƙashin ƙirji a lokaci guda. Tana da tsada, kuma ba kowace mace ke bukatarta ba.

Na'urar Si-Ti, wadda aka fara ɗaukar majiyyaci da ita a Landan a shekarar 1971, tana nuna jiki yanki-yanki. Ita da hoton ƙashi da na'urar Pet ana neman su ne galibi in ƙarin ya yi girma, ko kaluluwa da yawa sun kamu, ko mace tana kukan ciwon baya, tari ko ramewa, domin a duba ko ciwon ya wuce hammata. Na'urar Pet tana aiki ne da wani irin sukari da ake sawa a jijiya, wanda ƙwayoyin sankara ke zuƙa fiye da sauran tsoka, amma ita ma ba ta ganin ƙananan ƙwayoyi a kaluluwa. Inda babu waɗannan na'urori, likitoci sukan yi amfani da hoton ƙirji da sikanin ciki. Kada dangi su ɗauka cewa hoton da ya fi tsada shi ya fi dacewa. Kowane da tambayar da yake amsawa.

Kaluluwar bakin ƙofa

Ga macen da hannu bai ji kome ba, sikanin kuma bai ga kome ba, akwai wata dabara. Ruwan mama yakan fara shiga kaluluwa ɗaya ko biyu kafin ya wuce ga sauran, kamar yadda baƙo ba ya shiga gida sai ta zaure. In an gano wannan ta bakin ƙofa aka gwada ta aka ga babu ciwo, to kusan tabbas sauran ma lafiya suke. Likitoci biyu a Amurka ne suka nuna amfanin dabarar ga sankarar mama: David Krag a shekarar 1993, da Armando Giuliano a 1994.

Ana gano ta ne ta hanya biyu. Ta farko, a yi allurar wani sinadari kaɗan a mama, mai fitar da hasken da ido ba ya gani, ya bi hanyar ruwa ya taru a kaluluwar farko, sai a ɗauki hoto ko a bi shi da na'ura mai ƙara. Ƙarfin wannan sinadari yana raguwa da rabi duk bayan sa'a 6. Hanya ta biyu, a yi allurar wani shuɗin ruwa lokacin aiki, likita ya bi sawunsa da ido har ya ga kaluluwar da ta rine. Fitsarin mace yakan yi shuɗi-shuɗi na kwana ɗaya ko biyu, wannan ba abin tsoro ba ne. Hanyar farko tana bukatar sashe na musamman irin na Asibitin Koyarwa na Ibadan da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, ta biyu kuwa ba ta da tsada. Bayan irin wannan ƙaramin aiki, kumburin hannu yana samun kimanin mace ɗaya ne cikin ashirin.

Ilmi bai tsaya nan ba. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a shekarar 2011 ya nuna cewa mata masu ƙaramin ƙari, waɗanda aka cire musu ƙarin kaɗai aka yi musu gashi, ko da an sami ciwon a kaluluwa ɗaya ko biyu ta bakin ƙofa, ba lalle sai an kwashe sauran ba. A shekarar 2023 kuma aka wallafa wani da likitocin Italiya suka jagoranta a kan mata sama da 1,400 waɗanda ƙarinsu bai wuce santimita 2 ba kuma sikanin bai ga kome a hammatarsu ba. Waɗanda ba a taɓa musu hammata ba sam sun sami sakamako daidai da waɗanda aka yi wa ƙaramin aikin. Sai dai duk wannan sauƙi na wadda ta zo da wuri ne. A asibitocin Nijeriya mafi yawan mata suna zuwa ne a mataki na uku ko na huɗu, sa'ad da hammata ta riga ta cika, babu makawa sai babban aiki.

Abin da ake bukata daga mai ciwo da danginta

1. Duk macen da ta ji ƙullutu a mama ko a hammata, ko da ba ya zafi, ta je asibiti ba tare da jira ba. Maza ma su kula, domin kimanin ɗaya cikin ɗari na masu wannan ciwo maza ne.

2. Kada a tsaga ƙullutun a gida, kada a yi masa ƙaho ko a ɗaura masa magani mai cin fata. Yin haka yana jawo gyambo, ya kumbura kaluluwa, ya rikita hoto.

3. Ranar ɗaukar hoton mama kada a shafa hoda ko turare a hammata, domin suna iya fitowa a hoto kamar alamar ciwo.

4. A gaya wa ma'aikata in akwai ciki ko shayarwa, ciwon ƙoda, ciwon sukari, wani ƙarfe da aka dasa a jiki, ko allurar rigakafi da aka yi kwanan nan da hannun da aka yi ta.

5. Wadda take jin nauyi tana iya roƙon a ba ta ma'aikaciya mace, ko ta shiga da 'yar'uwarta. Maigida ya ba da izini da wuri, ya kuma raka ta in da hali.

6. A adana duk hotuna da takardun sakamako wuri guda, a riƙa zuwa da su kowane lokaci, don kada a sake biyan kuɗin abin da aka riga aka yi.

7. Kafin a bar gaban likita a tambaye shi abin da hoton ya nuna a hammata, da ko akwai bukatar gwajin allura, da ranar da za a dawo. Matambayi ba ya ɓata.

Kammalawa

A ƙarƙashin shirin yaƙi da sankarar mama da ta ƙaddamar a shekarar 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kamata a gama hoto da gwajin tsoka cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti. Ana samun sikanin a yawancin manyan asibitocin jihohi, kuma daga can za a iya tura mai ciwo zuwa asibitocin koyarwa kamar na Zariya, Kano, Sakkwato, Maiduguri, Jos, Ibadan, Legas, Binin da Inugu. A shekarar 2021 ne kuma Gwamnatin Tarayya ta fara asusun tallafa wa marasa galihu masu sankara, sankarar mama tana cikin cututtuka ukun da aka fara da su. Masu bukata sai su nemi bayani a ofishin jin daɗin majiyyata na asibitin da suke zuwa.

Takardar da likita ya rubuta a je a duba hammata wani ɓangare ne na maganin kansa. Da ita ake sanin inda ciwon ya tsaya, da ita ake auna girman aikin da za a yi, kuma sau da yawa ita ce ke tsirar da hannun mace daga kumburi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ana roƙon duk wanda ya karanta wannan ɗan littafi ya karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba a gidansa da unguwarsa.